Masu Gari Sun Zama Baƙi A Abuja

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwa masu karatu abin da na gano a Abuja.

Da na sami hutu na hau mota daga Kaduna, muka wuce Dutsen Zuma, muka shiga birni. Hanyoyi shimfiɗe, benaye sai ka ce sa taɓa sama. Amma da na sauka Garki Ƙauye, sai ga tsohon gari maƙale tsakanin benayen nan, da lungunansa, da fadar sarkinsu wanda suke kira Sa'peyi. Mutanen su ne mu ke ce wa Gwari, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu. Manoman doya ne, matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda hotonta ke jikin naira 20, 'yarsu ce.

A 1976 Gwamnatin Janar Murtala ta yanki ƙasar nan daga jihohin Neja da Filato da Kwara, da niyyar a kwashe mazaunanta duka, Gbagyi da Koro da Gade da Bassa da Gwandara. Kuɗi ya gagara, sai aka ta da waɗansu, kamar mutanen Maitama da aka kai Kubwa, aka bar saura. A 1991 Gwamnati ta tare. Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya ce ƙasar duka ta Gwamnatin Tarayya ce. Watau gonar da mutum ya gada kaka da kakanni, ran da aka ba wani takardarta, abin da za a biya shi kuɗin shuka ne da itatuwa da gini.

Ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, Shugaban Ƙasa ke naɗa Minista. Sarakunansu suna sulhu a kan aure da gado, amma ikon ƙasa ya fita hannunsu. An ce baƙo raɓa ne. To, ga inda raɓa ta zauna, mai gida ke ɗaure kaya.

Birnin na kowa ne, ban musa ba. Roƙona ga manya shi ne, kada a raba fili sai an zauna da sarakuna da dattawan wurin, wanda aka karɓe wa gona kuma a ba shi gona. Mu da muke ɗibar takardun filaye, mu tuna da mai doyar da ke wurin.

Haza wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.