Kyanwoyin Magazin

Duk wanda ya taɓa mallakar mota a ƙasar nan, ko ya taɓa tuƙa ta wani, ya san Suame. In ka taso daga Kejetiya ka miƙe arewa, ba ka jimawa za ka iso babban shataletalen Suame inda hanya ta rabu, ɗaya ta bi ta Tafo zuwa Mampong, ɗaya kuma ta nufi Offinso da Techiman har Tamale da Bolga. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu Magazin take kwance, kuma tun kafin idonka ya gan ta kunnenka zai ji ta, don ƙarar guduma a kan ƙarfe ba ta yankewa daga hantsi har almuru.

Sunan nan Magazin ba shi da dangantaka da irin mujallar da ke hannunku. Rumbun makamai ne na sojan Turawan mulki, wanda maƙera da masu gyaran mota suka fara taruwa kusa da shi tun shekarun 1930, to ko da aka tashe su aka kawo su inda suke yanzu a 1962, sai suka taho da sunan. A 1980 jami'ar Tek ta buɗe musu cibiyar koyar da sabbin dabarun aikin ƙarfe a nan cikinsu, a 2018 kuma gwamnati ta cire Suame daga cikin hukumar birnin Kumasi ta ba ta majalisar kanta. Masu ƙiyasi sukan ce mutanen da ke neman abinci a wurin sun kai 200,000. A cikinsu akwai Asante, akwai Dagomba da Frafra da Mosi, akwai namu 'yan Zango daga Aboabo da Asawase da Tafo, ga kuma direbobin manyan motoci da suka sauke albasar Nijar ko shanun Burkina suka tsaya a duba musu giya kafin su juya.

Amma mu ba mota ce ta kai mu wannan karon ba. Akwai wasu ma'aikata a Magazin da ba a taɓa sa su cikin ƙidaya ba, ba su da masta, ba su biyan kuɗin koyon aiki, kuma ba su tashi in an tashi. Kyanwoyi ke nan, ko mussoshi, ko maguna, kowa da yadda ya ji a gidansu.

Da rana tsaka ba ka cika ganinsu ba. Sai ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin wata tsohuwar Benz 207 da aka ɗora kan duwatsu tun shekarun baya, ko ka duba cikin tarin tayoyi, sannan za ka ga idanu biyu suna kallonka. Da yamma in an rufe rumfuna, masu sayar da waake da dokunu sun kwashe tukwanensu sun bar kan kifi da ƙashi, a nan ne unguwar take komawa hannunsu. Dalilin zamansu kuwa a fili yake. Inda mutum dubbai suke cin abinci kullum, ga ruɓaɓɓun motoci da ba mai taɓa su, ga soso na kujeru mai taushi, to kusu ya samu gari. Kusu kuwa a gareji ba ƙaramin abokin gāba ba ne. Mai aikin wayarin zai gaya maka yadda mota takan kwana lafiya ta tashi ba ta kamawa, a yini ana nema, daga baya a tarar haƙori ne ya yanke waya ɗaya siririya a bayan inji. Mai ɗinkin kujeru shi ma yana da nasa kukan. Don haka makanikai da yawa, waɗanda mu nan muke kira fita, ba su korar kyanwa daga rumfarsu, wasu har da ɗan gwangwanin ruwa suke ajiye mata a gindin benci.

Sai dai wurin da yake ciyar da ita shi ne kuma yake kashe ta. Ruwan nan mai launin kore ko ja da ake zubawa a lagireto don sanyaya inji, in kyanwa ta lasa ko cokali guda na shayi, yana iya lalata mata ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a Magazin ana tsiyaye shi a ƙasa ba tare da kowa ya kula ba. Baƙin mai yana manne mata a gashi, ita kuma ba ta da abin wanka sai harshenta, sai ta haɗiye shi. Lokacin hunturu ko in ruwa ya kwana yana zuba, 'yan ƙanana sukan shige cikin inji don ɗumi, direba ya zo da asuba ya murɗa makulli, shi ke nan. Ga maganin kusu da ake tallarsa a kowace tasha, wanda ba ya tsayawa a kan kusun, yana bin wanda ya ci gawarsa. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne a ƙasar nan akwai masu cin naman kyanwa, har laƙabi suka yi mata suna ce mata Joseph, saboda haka muzurun da ya yi ƙiba ya saba da mutane yakan ɓace dare ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa.

Da haka ake samun marayu. A wata rumfar walda da ke gangare, nesa da titi, mun tarar da guda huɗu cikin kwalin batir, an shimfiɗa musu tsohuwar riga. Uwarsu ta yi kwana uku ba ta dawo ba, yaran masta ne suka ji kukansu cikin gangar jikin wata mota suka ciro su. Muna zaune sai ga wata hajiya da ke sayar da masara ta zo, ta gaisa, ta ce, "Masta, an ce kana da 'yan mussa. A taimake ni da ɗaya mana, kusu sun hana ni barci." Mastan ya ajiye tabaraunsa na walda ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba su sati uku. Yanzu ko ci ba su iya sosai ba, in kin tafi da ita mutuwa za ta yi a hannunki." Ya kuma tambaye ta ko a shago za ta bar ta ko a gida, da wanda zai ba ta abinci ranar da ba a fito kasuwa ba. Hajiya ta yi dariya ta ce ko aure ne sai haka.

To a gaskiya tambayar da mastan nan ya yi, ita ce ake yi a ƙasashen da suka mayar da abin aikin ofis. 'Ya'yanmu da ke Ingila da Jamus da Amurka sukan ba mu labari cewa in kana son kyanwa a can, akwai ƙungiyoyin ceton dabbobi da za ka je, su ba ka takarda ka cike, su tambaye ka irin gidan da kake ciki, ko mai gidan ya yarda, ko akwai yara ƙanana, sannan ka biya wani abu su ba ka ita an riga an yi mata allura, an kuma yi mata aikin da zai hana ta haihuwa. A Ingila akwai ƙungiya mai suna Cats Protection da ba ta da wani aiki sai wannan tun 1927, kuma daga watan Yuni na 2024 doka ta tilasta wa mai kyanwa a can ya sa a dasa mata wata 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai ita in ta ɓata. A nan gida akwai ƙungiyar GSPCA, wadda aka fi sani da shiga makarantu tana koya wa yara tausayin dabbobi.

Mun san wani zai ce wannan ai aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Kafin ya faɗa, ya tuna cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wata gona wakafi a Alƙahira don a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da kowa, wato shekara ɗari shida da hamsin ko fiye kafin Turawan Ingila su kafa tasu ƙungiyar. Yaron da ya zauna gaban malam a Zango kuma ya ji labarin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, ya kuma san dalilin da ya sa ake kiran babban sahabin nan Abu Huraira. Abin da ya shigo mana daga baya shi ne tsoro, a ga baƙar mage a kan katanga da dare a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa manya suna kallo.

Duk yawon da muka yi a Magazin ba mu ga allon wata ƙungiyar ceto ba. Ceton yana hannun yaran masta da mata masu abinci, kuma suna yin sa gwargwadon ƙarfinsu. A ganinmu ba tausayi ne ya yi mana ƙaranci ba, allura ce da wuƙar likita. Ku yi lissafi da kanku. Cikin kyanwa sati tara ne, takan haifi huɗu ko biyar, tana iya yi sau biyu ko uku a shekara, 'yarta kuma tun tana wata biyar ko shida ta isa ɗaukar nata cikin. Babu yawan hajiyoyin da zai iya kwashe wannan. Shi ya sa kake wayar gari ka ga kwali a bakin bola yana motsi. Likitan dabbobi yana iya dandaƙe muzuru cikin 'yan mintoci, macen ma aikin yini ɗaya ne ta koma gida, kuma ba sai an je Ankara ba: akwai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati a Amakom, jami'ar Tek ma ta buɗe makarantar koyon likitancin dabbobi tun 2009. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hukuncin abin ba, ya tambayi malaminsa kafin ya je. Muzurun da aka dandaƙe yana rage yawon dare da faɗa da fitsarin nan mai wari a jikin bango, kuma kada a ce ya zama kyanwar Lami, kamun kusu yana nan yadda yake.

Allurar kuwa ta haukan kare ce, ana fara ta daga wata uku. Gaskiya ne mafi yawan masu kamuwa da ciwon daga kare suke samunsa, amma kyanwa ma tana ɗauka, kuma ciwo ne wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Wanda baƙuwar kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko ruwan batir.

Kada kuma a ɗora wa kyanwa abin da ya fi ƙarfinta. A Fabrairun 2023 zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Ankara har aka yi rashin rai, ciwon da ya samo sunansa daga garin Lassa na ƙasar Borno inda aka fara gane shi a 1969, kuma wani irin kusu ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci. Kyanwa tana rage kusu, warinta ma kaɗai yana sa su ja baya, amma ba ta rufe tukunya, ba ta kuma kwashe shara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gafiyar kwata kuwa, kyanwoyi da yawa kallo suke bin ta da shi.

Wanda ya yi niyyar ɗauko ɗaya daga Magazin, ya bari ta cika sati takwas in uwarta tana raye. In ta zo da baƙin mai a jiki, a shafa mata man girki a murza a hankali, sannan a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a goge ta ta bushe, kada a kusance ta da kananzir ko fetur kamar yadda ake wanke hannu a gareji. Madarar gwangwani da muke gani kamar gata ce, zawo take sa yawancinsu, gara ɗan kifi ko nama da aka dafa ba yaji ba albasa, da ruwa mai tsabta. In ta yi rashin lafiya kada a ba ta parasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kaskon yashi a lungu ya ishe ta bayan gida, sai dai mace mai ciki ta bar wa wani kwashe shi, don akwai wata cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

Ɗauko ta ma da dabara. A sa ta cikin kwali mai huji a ɗaure da igiya, don in ta tsorata da ƙarar trotro ta kuɓuce a shataletalen Suame ba mai sake kama ta. In an iso gida a bar ta cikin ɗaki kamar sati biyu har ta san nan ne wurin cinta, in ba haka ba za ta kama hanyar komawa inda aka ɗauko ta. Mu da yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da mutum goma sha, ya kamata tun kafin kwalin ya shigo a je a gaya wa mai gida, a kuma gaya wa maƙwabciyar da ke kiwon 'yan tsaki, a shirya da ita inda za ta riƙa kife su da dare.