Jujin Jiya Da Na Yau

Tun ina yaro, in rani ya tsaya, aikinmu a Unguwar Tudu shi ne jidar taki. Baba kan ɗora wa jaki mangala, mu kwashe jujin bayan gida mu kai gona, mu zuba tsibi-tsibi kafin saukar damina. A lokacin toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, abubuwan da ƙasa ta saba cinyewa.

A hutun da ya wuce na koma wannan aiki. Ina baza tsibi ɗaya sai ga tsofaffin batiran tocila, da fasasshiyar fitilar caji, da gutsuren batirin babur. Na nuna wa Baba, ya ce, "Bar su nan, ƙasa ba ta ƙin abin da aka ba ta." Na yi shiru don ladabi, amma hankalina bai kwanta ba.

Dalilina kuwa shi ne, kara yana ruɓewa, dalma ba ta ruɓa. Batirin mota da na babur cike suke da ita, waɗansu batiran caji kuma da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam. In suka fashe sai gubar ta zauna a ƙasar sama shekara da shekaru. Ta cuci tana da ƙananan halittun da ke raya gona, alayyafo ya zuƙa, kaza ta tona ta ci, yaro mai rarrafe ya kai ta baki. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take ɓatawa a ɓoye.

Mai karatu zai tuna abin da ya auku a Zamfara a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta da Bagega an riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ashe yana ɗauke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi ta magani, amma sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, don kada a sallami yaro ya koma kan gubar. A Kano ma, ruwan majemun Sharaɗa da Challawa, inda ake jima da sinadarin kuromiyam, ya daɗe yana kwarara cikin kogin da masu lambu ke ban-ruwa da shi.

Namu bai kai wannan ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Washegari na ɗauki tsohon garwa na ajiye a zaure, na roƙi iyayenmu mata duk batirin da ya mutu a jefa shi ciki, kada ya haɗu da toka. Baba ya yi dariya ya ce boko ya motsa. Bayan kwana uku na leƙa, na tarar da batiran rediyonsa a ciki.

To, 'yan'uwa ɗalibai, in an tafi hutu a tona jujin gida a gani. Gonar nan aro muka karɓa daga ƙannenmu. Allah ya sa mu mayar da ita lafiya, amin.