Albashin Marubucin Kotu da Haƙƙin Ɗaukaka Ƙara

A kotunan Amurka akwai ma'aikacin da ba ya yanke hukunci, ba ya kare kowa, amma idan babu shi ɗaukaka ƙara kan gagara. Shi ne marubucin kotu, wanda ke ɗaukar duk kalmar da aka furta a zaman shari'a da wata na'urar gajarta rubutu, cikin saurin da ya kai kalma 200 a minti ɗaya. Na daɗe ina ganin cewa batun albashinsa batun adalci ne.

Dubi jihar Kalifoniya mai gundumomi 58. A da, gundumomi ke ɗaukar yawancin nauyin kotunan matakin farko, har dokokin jihar suka ƙunshi sassa masu ƙayyade albashin marubutan gunduma bayan gunduma. Mai arziki ta biya da tsoka, mai ƙaramin ƙarfi ta yi abin da ta iya. Dokar 1997 ta mayar da nauyin kuɗin kan jiha, amma aka bar kotun kowace gunduma ta daidaita albashi da ma'aikatanta.

Da tattalin arziki ya karye a 2008, aka zaftare kasafin kotuna, da yawansu suka daina samar da marubuta a shari'un da ba na laifi ba. Ƙwararru suka koma aiki mai zaman kansa inda kuɗi ya fi. Mai hali ya ɗauko marubuci da aljihunsa, talaka ya fita ba shi da rubutacciyar shaidar abin da aka faɗa. Kotun ɗaukaka ƙara kuwa abin da ke rubuce take dubawa. A 2018, cikin shari'ar Jameson da Desta, Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa wanda aka yafe wa kuɗin shigar da ƙara saboda talauci yana da haƙƙin a ba shi marubuci.

Ra'ayina shi ne jiha ta kafa mafi ƙarancin albashin da zai riƙe ƙwararru, gunduma ta ƙara gwargwadon tsadar rayuwarta. Mu da alƙalanmu da dama a Nijeriya ke rubuta bayanan shari'a da hannunsu mun san yadda hakan ke jan zaman kotu. Kafin mu nemi a kawo musu marubuta, mu fara tantance wanda zai biya su, da nawa.