Kalmar da aka ce mu ajiye

Kowace Laraba da yamma muna taruwa nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu nan Kabong, mu kusan talatin in ruwa bai sauko ba. Akwai Birom, akwai Angas da Irigwe, sai mu 'yan tsiraru da muka sha Hausa a nono, jikokin mutanen ƙasar Kano da Katsina da Zazzau waɗanda aikin kuza ko kasuwanci ko gudun tsangwama ya kawo Jos. Da Hausa muke sujada duka.

Cikin damunar bara ne ƙaramin fastonmu, wanda bai daɗe da gama karatun tauhidi ba, ya rufe littafinsa ya ce yana da shawara. Wai mu daina cewa "Allah" a addu'a da waƙa, mu koma "Yahweh" ko "Ubangiji". Ya ce ya saurari wani mai wa'azi na Amurka a waya, ya kuma yi tunani a kai, ya ga sunan ba namu ba ne.

Wuri ya yi tsit. Sai Mama, tsohuwar shugabar zumuntar mata, ta gyara zaninta ta ce, "Ɗana, shekara sittin ina kiran sunan nan. Da shi na roƙi haihuwa, da shi na binne maigidana. To wa ke amsa mini duk shekarun nan?"

Ya ce, "Mama, ba raina addu'arki nake yi ba." Muka ga idonsa ya kawo ruwa.

Mun san dalili. Yana yaro lokacin da bama-bamai suka tashi a unguwar nan da Unguwar Rukuba ranar 24 ga Disamba 2010, mutane na tsakiyar cefanen Kirsimeti. Gidansu sun yi rashi a ranar. Wanda ya tashi da irin wannan ciwo, in ya ce ba ya son ya raba ko kalma ɗaya da waɗanda yake ɗora wa laifin, ba za ka yi masa tsawa ba.

Amma mu ma abin ya taɓa mu inda ke mana zafi. Ɗan Birom in an hana shi wannan kalma, yana da Dagwi a gida. Ba'angashe yana da Nen. Mu fa? A garin nan in an ce "Bahaushe", ai an gama magana, ana nufin Musulmi. Lokacin rikici wasunmu an tare su a hanya, harshensu da zanen fuskarsu suka ja musu, sai da suka karanta Addu'ar Ubangiji kafin aka bar su suka wuce. In kuma muka je ƙauye gaisuwa, akwai dangin da ke ganin mun bar Hausanci tun ranar da kakanni suka karɓi baftisma. Yanzu a cikin majami'armu ana so mu ajiye kalmar da muke gaisuwa da ita, muke ta'aziyya da ita, muke sa wa yaro albarka da ita.

Dattawan ikkilisiya suka yi dabara. Ba su yanke hukunci ba, suka ce kowa ya kawo littafinsa. Laraba uku muka yi a kan maganar, kuma gaskiya mun fi koyon abu a makonni ukun nan fiye da shekara guda ta wa'azi.

Wani dattijo cikinmu, wanda ya koyar a makarantar Baibul kafin ya yi ritaya, ya zo da Tsohon Alkawari na Ibraniyanci, bangonsa duk ya saɓule. Ya nuna mana cewa kalmar da ke ayar farko ta Farawa ita ce Elohim, kuma tushenta, El, Kan'aniyawa ma da shi suke kiran babban abin bautarsu. Annabawa ba su jefar da kalmar ba saboda maƙwabta na amfani da ita. A Sabon Alkawari kuwa manzanni sun rubuta Theos, kalmar da Helenawa ke kiran gumakansu da ita. Ya buɗe mana Ayyukan Manzanni sura 17, inda Bulus ya tsaya a Atina ya fara wa'azi daga bagaden da mutanen garin suka riga suka gina. Shi kuma Yahweh suna ne na musamman, Yahudawa da kansu ba sa furta shi, suna cewa Adonai a madadinsa, kuma wannan hanya aka bi har aka sa "Ubangiji" a Littafin da muka tashi da shi.

Ya ƙara da cewa Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya, masu sujada da Larabci, Allah suke cewa, haka yake a Littafinsu. Sai wata malamar makaranta ta kawo labarin da ya ba mu dariya mai ɗaci: a Malesiya, Kiristoci ne suka je kotu suna neman a bar jaridarsu ta ci gaba da rubuta Allah, babbar kotun ƙasar ta ƙi saurarensu a 2014. Can ana ƙwace musu, nan muna shirin miƙawa da hannunmu.

Mu kuma muka tuna namu tarihin. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya yi shekaru yana aikin fassara tare da Hausawa, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Mutanen da suka zauna da shi Hausawa ne cikakku, sun san abin da maƙwabtansu ke nufi da kalmar, suka kuma riƙe ta.

Fasto bai zo hannu rabbana ba. Ya kawo littafin Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya taɓa zama babban sakataren ECWA, ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Kato ya yi kashedi sosai a kan gauraya bishara da wasu addinai don a faranta wa kowa rai. Fasto ya ce tsoronsa ke nan: yaranmu na jin kalma ɗaya a majami'a da masallaci, su ɗauka koyarwar ma ɗaya ce. A nan kam ya faɗi gaskiya. Da dattijo ya tambayi matasa su bayyana abin da muke nufi da Allah Ɗaya cikin Uku, sai kallon ƙasa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san sarai inda muka rabu da su, su kan faɗa ba kunya. Namu yaran ne ba su sani ba, kuma canja kalma ba zai koya musu ba.

Wani ɓangaren laifin namu ne. Ga TCNN a Bukuru tun 1959, ga JETS a cikin gari tun 1980, ga shagunan littattafai, amma karatun mai zurfi da Turanci ake yin sa, mu kuma mun naɗe hannu mun bar wa fastoci. Yaro ya sha Helenanci da Turanci shekara huɗu, ranar Lahadi ya hau bagade ya juya shi da Hausar kasuwar Terminus. Mu da muke da harshen ba mu taɓa zama da shi mun taya shi neman kalma ba, sai dai mu yi ta gyaran murya a baya in ya kauce.

Ba a rubuta wata doka ba. Har yau in fasto na addu'a, "Ubangiji" ya fi yawa a bakinsa, ba wanda ya hana shi. Mama na nan da "Allah" ɗinta, ta ma ƙara ƙarfin murya. Abin da ya canja shi ne, ranar Juma'a yakan biyo gidanta da takarda, su bi kalmomin wa'azin Lahadi ɗaya bayan ɗaya. Wancan makon sun kwana a kan "barata", wadda rabin matasa suka ɗauka daga bara aka samo ta. Laraba mai zuwa kalmar ita ce "fansa". Mama ta ce kowa ya zo da wuri, za ta ba da labarin yadda aka fanso kakanta daga hannun waɗanda suka kama shi bauta, da abin da aka biya.