Fagen Da Ƙane Ke Ka Da Wansa

A unguwar Agege ta birnin Ikko akwai wani magidanci wanda ya shekara biyu ba sa ga maciji da wansa, alhali kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne gidan da mahaifinsu ya bari. Wan yana so a sayar a raba kuɗin, ƙanen kuwa ya ce ba da shi za a sayar da gidan da aka binne cibiyarsu ba. Dattawan unguwa sun yi bakin ƙoƙarinsu, abin ya faskara.

Ran nan ƙanen yana kwashe tarkacen ɗakin marigayin sai ya ci karo da wani kwali, cikinsa da baƙar na'urar wasa, da madannai biyu, da kaset guda. Na'urar ita ce Mega Drive, wadda kamfanin Sega ya fitar a Japan cikin 1988. Mahaifinsu ne ya sayo musu ita a kasuwar Alaba cikin 1995, sa'ad da ƙanen yake da shekara 11. Kaset ɗin kuwa na wasan kokawar Amurka ne mai suna WWF Royal Rumble, wanda ya fito cikin 1993.

Ga wanda bai tarar da zamanin ba, wasan kokawa a na'urorin gida ya girmi wannan kaset. Tun cikin 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da Pro Wrestling a Japan, amma 'yan kokawar cikinsa ƙagaggu ne. Cikin 1989 aka yi WWF WrestleMania, mai ɗauke da gwanaye shida na gaske, har da Hulk Hogan da André the Giant. Kaset ɗin gidan Agege kuwa gwanaye 12 gare shi, irin su Bret Hart da Undertaker da Shawn Michaels da Papa Shango.

Tsarin wasan ba shi da wuyar ganewa. Idan 'yan kokawa biyu suka sarƙe, sai wani ma'auni ya bayyana a kansu, kowane mai wasa ya dinga danna maɓalli da iyakar saurinsa. Wanda ya rinjayi ma'aunin shi ke ɗaga abokin karawarsa ya maka shi da ƙasa. In kuwa aka bangaje alƙalin wasa ya faɗi, to, sai a shaƙe wuya ko a tsone ido kafin ya farfaɗo.

Sanin kowa ne cewa kokawar da ake nunawa a talabijin shiryayyiya ce, watau tun kafin a shiga fage an san wanda zai yi nasara. Ta cikin na'ura ba haka take ba, yatsa ne kawai ke raba gardama. A gidan da ƙane ba ya ɗaga ido ya dubi wansa, balle ya mayar masa da magana, wannan kaset ne kaɗai fagen da yaro zai ka da yayansa har sau uku a jere, ya yi shewa, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Ya kuwa sha ka da shi, har ya ɗauka shi gwani ne.

Da mutumin ya share kaset ɗin ya jona na'urar da wata tsohuwar talabijin, sai ga ta ta kama. Ya dubi jerin gwanayen, jikinsa ya yi sanyi. Crush ya mutu cikin 2007, Randy Savage cikin 2011, Razor Ramon cikin 2022, Hulk Hogan cikin 2025. Kamfanin ma ya bar sunan WWF tun 2002, ya koma WWE. Ga su dai a fage da ƙuruciyarsu, wanda ya sayo kaset ɗin kuwa yana kwance a maƙabarta.

Ya kara da na'urar shi kaɗai, bai ji daɗi ba. Sa'an nan ya ɗauki madanni na biyu don gwadawa, sai ya ji maɓallinsa guda a laƙe, sai an danna shi da ƙarfi kafin ya amsa. Nan take ya tuna cewa tun watan da aka sayo na'urar maɓallin nan ya lalace, kuma duk tsawon shekarun da suka yi suna wasa, wansa ne ke riga shi ɗaukar wannan madanni, bai taɓa cewa uffan ba. Ashe nasarar da yake tutiya da ita, rabinta kyauta ce.

A daren nan ya aika wa wansa saƙo: "Yaya, na'urar Baba tana aiki, madannanta biyu suna nan." Kwana huɗu ba amsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai aka ji sallama a zaure.

Maganar gida dai har yanzu ba ta ƙare ba, domin kowa na kan bakansa, kuma mai yiwuwa ne sai ta kai gaban alƙali. Amma ran nan tabarma ɗaya ta ɗauke su har la'asar. Da ƙanen ya miƙa wa wansa lafiyayyen madannin, sai ya ture hannunsa, ya ce, "Auta, ba ni nawa."