Zalika Sule: 'Yar Wasan Da Aka Kama Da Laifin Gaika

Mu da muka tashi a Jabo da kewayen Tambuwal, idan ana hirar tarihin fim, abin da muka fi sani shi ne majigi, da Baban Larai, sai kuma Shehu Umar na 1976. Daga nan sai mu tsallaka zuwa Turmin Danya na 1990 a Kano, mu ce nan aka faro. Alhali kuwa ga Jamhuriyar Nijar nan a gefenmu, in mutum ya bi ta Kamba ya haura Gaya da Doso ya kama hanyar Yamai, kuma can ne wata yarinya ta tsaya gaban kyamara tun cikin 1966, lokacin da a makarantunmu yaro ne ke ɗaura zane da kallabi in an zo wurin mace a wasan kwaikwayo.

Sunanta Zalika Sule, ko Souley yadda masu Faransanci ke rubutawa. An haife ta a Yamai cikin 1947. Ba ta cika shekara ashirin ba Mustafa Alasan ya sa ta cikin fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. Zalika ce mace ɗaya tilo cikin 'yan kaboyin, ga wando, ga malfa, ga ta bisa doki. Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi ga ɗiya mace a wancan zamani.

Amma wanda ya fito da gwanintarta sosai shi ne Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina. A Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Kan a Faransa cikin 1969, ta fito a macen bariki, cikin masu taya sojan da ya dawo cinye 'yan kuɗinsa. Sai kuma Le Wazzou polygame, wanda muke ganin shi ne tushen ɗaukakarta, shi ne kuma tushen wahalarta. Wani Alhaji ne mai mata biyu ya dawo daga Makka, ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya sa dukiya ya aure ta. Zalika ta fito a Gaika, matar da kishi ya rufe wa ido har ta shirya kashe amarya, aka yi rashin sa'a abin ya faɗa kan ƙawar amarya. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu cikin 1972.

To, nan fa ake yin ta. Umaru Ganda ya samu yabo, ƙasar Nijar ta samu suna, ita kuwa Zalika sai ta samu zagi a titi. 'Yan kallo da yawa ba su raba ta da Gaika ba. Tunda sun ga ta yi makirci da idonsu, ai makira ce. Tunda ta iya fitowa a karuwa har abin ya zauna, to halinta ne. Wato iyawarta ce ta zame mata shaida a kanta. Mu kuma kada mu yi saurin yi wa mutanen Yamai dariya, domin marigayiya Hauwa Ali Dodo har ta bar duniya Biba muke kiran ta, saboda rawar da ta taka a Ki Yarda Da Ni. Namiji ya fito a ɗan fashi, gobe mu gaisa da shi a masallaci, mu ce kai, wane ya iya wasa. Mace ta fito a muguwar kishiya, sai mu fara tambayar wa zai aure ta.

Mu marubuta muna da hannu a ciki. Mu ne ke zama cikin ɗaki mu ƙirƙiro muguwar mata, mu zuba mata baƙar magana a baki, sa'an nan mu sa sunanmu a bangon littafi mu koma gefe. Wadda ta ara wa wannan magana fuskarta ita ke shiga kasuwa da ita washegari.

Ta ci gaba da aiki duk da haka. Ta fito a Saitane, da FVVA na Mustafa Alasan, da L'Exilé na 1980. Ranar 1 ga Janairun 1981 Umaru Ganda ya rasu, kuma daga nan harkar fim a Nijar ta yi ta ja da baya. Kuɗi suka ƙafe, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan wasa kowa ya kama gabansa.

Da ba don Rahmatu Keita ba, da wataƙila iyakar abin da za mu sani ke nan. Ita ce ta bi Zalika da kyamara, ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, wato ƙaddara da harshen Zabarmanci, aka nuna shi a Kan cikin 2005. A ciki an ga matar da ta zaga bukukuwan finafinai na duniya tana zaune da 'ya'yanta a ɗan gida mai ɗaki biyu, babu ko famfo. Ba ta yi magana kamar mai neman a tausaya mata ba, tana ba da labari ne tana dariya, tana tuna wane da wane. A ƙarshen fim ɗin aka sanar da cewa ta tafi ƙasar waje, tana aikatau a gidajen mutane.

Daga baya ta komo gida. Ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yulin 2021, tana da shekara 73. Allah ya jiƙan ta, ya gafarta mata.