Rabin dalar Amurka da darasin kallon tsanaki

A Maradi ko Damagaram, in ka ce dala, yaro ya san tamma biyar kake nufi. Kalmar daga dalar Turawa ta zo mana, kuma bin asalinta ne ya kai ni ga tsofaffin tsabar azurfa na Amurka, musamman rabin dala da aka buga daga 1794 zuwa 1836. Hotunansu nake dubawa, da bayanan masu tara su. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda mutanen nan suke kallo. Ni malamin lakwal ne, kuma ina ganin irin wannan kallon ne ƴaƴanmu suka fi rashi.

Ga yadda ake buga kuɗin a wancan zamani. A gidan buga kuɗi na Filadelfiya, ana sa ƙwayar azurfa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, ɗaya na fuska, ɗaya na baya, sai ƙarti su juya matsi da ƙarfin damtse. Injin tururi bai shigo aikin ba sai 1836. Shi hatimin kuwa, taurarinsa da haruffansa da lambobin shekara, duk da hannu ake dasa su, ɗaya bayan ɗaya. Don haka babu hatimi biyu da suke daidai. Wani tauraro ya matso, wata lamba ta karkace, wani harafi ya hau bisa ɗan'uwansa. Duk tsabar da ta fito daga hatimi guda tana ɗauke da shaidarsa, kamar yadda ɗa yake ɗauko kamannin gidansu.

Ƙarfen hatimi yana da tsada, ba a jefar da shi don shekara ta juya. Sai a dasa sabuwar lamba bisa tsohuwa. Rabin dalar 1815, guda 47,150 aka buga, kuma kowace da alamar 2 a ƙarƙashin 5, don hatimin na 1812 ne aka gyara. A 1807 wani ma'aikaci ya yi kuskure wajen dasa 50, ya gyara, amma sawun kuskuren bai goge ba. A shekarar ce kuma wani hatimi ya tsage daga haɓar matar da ke fuskar kuɗin zuwa ƙirjinta, tsagewar ta fito kamar gemu, har masu tarawa suka yi mata laƙabi da mai gemu. Tsabar 1796 kuwa, akwai mai taurari 15, akwai mai 16, saboda a shekarar ne jihar Tenesi ta zama ta 16 a ƙasar. Wanda ya ƙirga taurari ya karanta tarihi ke nan.

Wani Ba'amurke mai suna Al Overton ya bi waɗannan bambance-bambance, ya fitar da littafi a 1967. Kowane haɗin hatimin fuska da na baya ya ba shi lamba, yana farawa daga 101 a kowace shekara. Masu tarawa suna kiran wannan haɗi aure, kuma irin auren nan ya kai ɗaruruwa. Hanyar ganewa ba ta da wani sirri. Ka fara da shekara, ka duba tazarar lambobi, ka ga inda tsinin tauraro ya nufa, ka juya baya ka duba haruffa, sannan ka nemi tsagewa. In abu ɗaya ya saɓa, ka koma farko.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 1817 mai alamar 4 a ƙarƙashin 7. Hatiminta ya fashe da wuri, waɗanda aka sani a duniya ba su kai goma sha biyar ba. Sai a 1930 aka fara ba da labarinta. Fiye da shekara ɗari tana nan, ta bi hannaye, an ƙirga ta, an adana ta, babu wanda ya tsaya ya ga huɗun.

Na taɓa kai hotunan tsaba biyu na 1807 aji, na ce a faɗa mini bambancinsu. Nan take aka amsa mini baki ɗaya cewa iri ɗaya ne. Na ce a sake dubawa, kada kowa ya yi magana sai minti biyar sun cika. Wata yarinya da ba ta cika ɗaga hannu ba ita ta fara nuna layin da ke ƙarƙashin haɓa. Daga nan aji ya rikice da gano abubuwa. Waɗanda suka fi kowa hadda ba su ne suka fara gani ba. Mun koya musu saurin ba da amsa, ba mu koya musu haƙurin dubawa ba, ga shi kuwa wannan haƙurin ne ma'aikaciyar jinya take buƙata wajen karanta awon magani, da manomi wajen gane tsutsa a ganyen wake, da kowa wajen tantance takardar jabu.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Liyari, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza da ta yi yawo a kasuwanninmu har maƙera suka riƙa narka ta, kowace 1780 take ɗauke da ita, alhali an ci gaba da buga ta a Biyena, daga baya har a Landan da Paris da Bombay. Da ƙananan alamu masana suke rarrabe su. Kakanninmu fatake ma ba su karɓar azurfa ido rufe.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, ba sai mun mallaki tsabar Amurka ba. A ba yaro dala biyu na aljihu, a ce ya nemo shekarar kowace, ya zana tambarin da ke jiki, ya faɗi wadda ta fi cinyewa da dalilinsa. In ya ce iri ɗaya ne, kada a faɗa masa amsa. A ba shi minti biyar.